Kwantirolar SDN a gajimaren gwaji: wacce zan ɗora, kuma a ina za ta zauna?

Aminu Gwale: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman taimakon manyanmu. Yau kwana tara ina fama da wani aiki a ɗakin gwajin makarantar da nake koyarwa. An ba mu tsofaffin sabobi guda uku, na ɗora wa kowace Proxmox, manhajar da ke tayar da kwamfutoci na manhaja, wato VM, a cikin saba. A cikinsu na tayar da VM huɗu masu Ubuntu 22.04: ɗaya ta riƙe ragamar OpenStack, manhajar gina gajimare, biyu su ne za su ɗauki kwamfutocin ɗalibai, ta huɗun kuma na zuba mata OpenDaylight, ita ce kwantirolar. Burina yaran nan su gani da idonsu yadda kwantirola guda take ba siwic umarni, wato abin da ake kira SDN, domin shekara biyu ina zana musu abin a allo suna gyaɗa kai kawai. OpenDaylight ta tashi, tana amsawa a ƙofa ta 8181, Open vSwitch, siwic ɗin manhaja, shi ma ya haɗu da ita a 6653. Amma Neutron, sashen OpenStack mai kula da hanyoyin sadarwa, ya ƙi magana da ita sam. Direban da ke haɗa su ko shiga ba ya yi.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malam Aminu. Wane zubi na OpenStack ka ɗora?

Aminu Gwale: Caracal ne ranka ya daɗe, 2024.1.

Injiniya Bashir: To ka huta da wahala, laifin ba naka ba ne. Direban nan networking-odl an daina kula da shi, kuma umarnin da kake bi na tabbata na shekarun baya ne, lokacin da OpenDaylight take tashe. Red Hat da suka fi kowa tallata ta a OpenStack tuni suka ajiye ta suka koma OVN, tsarin hanyoyin sadarwa da aka gina a kan Open vSwitch. DevStack ma, mai girka OpenStack na gwaji, yanzu idan ba ka ce masa komai ba, OVN yake ɗora maka. Shawarata ka share VM ta huɗun nan, ka zuba ovn-central a kan mai ragama, ovn-host a kan sauran biyun.

Zainab M.: Injiniya, da girmamawa, ban yarda gaba ɗaya ba. Ka duba abin da Malam ya ce yana so. Yana so ɗalibai su ga kwantirola tana tura ƙa'idoji zuwa siwic ta OpenFlow, yaren da suke magana da shi. A OVN ina kwantirolar take? Rumbun bayanai biyu ne da wasu 'yan manhajoji warwatse a kan kowace na'ura. Yaro zai buɗe littafi ya ga an zana ƙwaƙwalwa ɗaya a sama, siwic-siwic a ƙasa, ya zo ɗakin gwaji ya tarar da wani abu daban. Ni a ganina Mininet, mai kwaikwayon siwic-siwic a cikin kwamfuta ɗaya, ya kamata a fara da shi, a haɗa da kwantirola irin Ryu ko ONOS. A kwamfutar cinya ɗaya ma za a yi, ba sai an taɓa saba ba.

Injiniya Bashir: 'Yar'uwa, kwantirolar tana nan, rarraba ta aka yi. Bari in bi ta daki-daki saboda masu karatu a ɓoye. Neutron yana rubuta abin da mai gajimare yake so a rumbun arewa, wanda ke saurare a 6641: ga hanyar sadarwa kaza, ga rauta kaza, ga wanda aka yarda ya shiga da wanda aka hana. Sai ovn-northd ya karanta wannan ya juya shi zuwa ƙa'idojin tafiyar fakiti, ya ajiye a rumbun kudu, a 6642. Har nan ba a san wace na'ura ce ke ɗauke da wa ba. Daga nan kowace saba mai ɗaukar VM tana da nata ovn-controller, shi ne yake leƙa rumbun kudu, ya ɗebi abin da ya shafe shi kawai, ya mayar da shi OpenFlow na gaske ya zuba a br-int ɗin gidansa, wato siwic ɗin Open vSwitch da VM suke jone da shi. Wato OpenFlow ɗin da kike so a gani yana nan, sai dai bai fita kan waya ba, a cikin na'urar yake tafiya.

Zainab M.: Ai shi ne maganata. Tunda bai fita kan waya ba, ba za ka buɗe Wireshark, manhajar leƙen fakiti, a gaban aji ka nuna wa ɗalibi saƙon da siwic ya aika sama yana tambaya, da amsar da aka ba shi ba. Ni ranar da na fara ganin wannan a Mininet ne abin ya zauna mini. Na buga ping, fakitin farko ya ɗauki lokaci saboda sai da aka je aka tambayo kwantirola, na biyu ya wuce kamar walƙiya saboda an riga an rubuta ƙa'ida. Bambancin lambobi biyun nan ya koya mini fiye da abin da na karanta a zango guda.

Dr. Sani: Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma a wurare daban-daban. Ku tuna asalin abin. OpenFlow daga Jami'ar Stanford ta Amurka ya fito, daga aikin Martin Casado da malaminsa Nick McKeown, tare da Scott Shenker na Berkeley. Su ne suka kafa Nicira a 2007, wadda VMware ta saya a 2012 a kan sama da dala biliyan ɗaya, daga nan NSX, manhajar SDN ta VMware, ta samu. Open vSwitch daga gidan nan ya fito, OVN ma da aka sanar a farkon 2015 mutanen gidan ne, irin su Ben Pfaff da Justin Pettit. Abin lura shi ne waɗanda suka ƙirƙiro zanen nan na ƙwaƙwalwa ɗaya a sama, da suka zo gina wa manyan cibiyoyi abin aiki, ba su bar kowane sabon fakiti yana hawa sama neman izini ba. Suna rubuta ƙa'idojin tun kafin fakiti ya zo. Jinkirin fakitin farko da ya burge Zainab a aji, shi ne ke durƙusar da kwantirola idan VM dubu suka taso mata lokaci guda.

Don haka Aminu, mako biyu na farko ka ba su Mininet su ga ƙashin bayan abin. Sannan ka shigar da su gajimaren da OVN su ga yadda ake yi a wurin aiki.

Aminu Gwale: Allah ya ƙara girma Dokta. Na karɓa. Yau da dare zan sauke OpenDaylight.

Zainab M.: Malam, in za ka yi Ryu ka sani ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, tana rigima da sababbin Python. Mutanen OpenStack sun cire reshe daga jikinta suka sa masa suna os-ken, shi ake kula da shi. Yawancin misalan Ryu suna aiki a kansa da ɗan gyaran suna.

Aminu Gwale: Jama'a na dawo. OVN ta shiga lafiya, Neutron ya karɓe ta ba gardama. Amma ga sabon abu. Idan na buga ovn-sbctl show, na'ura ɗaya kawai nake gani maimakon biyu. Abin mamakin shi ne adireshinta yana sauyawa. Yanzu in ga 10.10.0.21, in sake bugawa bayan daƙiƙa kaɗan in ga 10.10.0.22. Log ɗin ovn-controller kuwa cika yake yi kamar ana zuba ruwa.

Moussa Maradi: Salamu alaikum Malam. Tambaya guda: ta biyun, girka ta ka yi daga farko ko kwafe ta farkon ka yi?

Aminu Gwale: Kwafe ta na yi. Na gama shirya ta farko tsaf, sai na yi mata tagwai a Proxmox na sauya suna da adireshi.

Moussa Maradi: Shi ke nan, an gano. Ka duba /etc/openvswitch/system-id.conf a kan duka biyun, za ka tarar lamba ɗaya ce. Open vSwitch yana ƙirƙirar lambar nan ran da ya fara tashi, kuma da ita OVN take gane na'ura, ba ta duba sunan da ka raɗa mata. Yanzu na'urori biyu suna riƙe da katin shaida ɗaya, kowace ta zo sai ta goge adireshin 'yar'uwarta a rumbun kudu ta rubuta nata. A kan ta biyun, ka tsayar da ovn-host da openvswitch-switch, ka goge fayil ɗin, ka tayar da su, zai yi sabuwar lamba. Ka tabbatar kuma ovn-encap-ip na kowace nata ne. Ni ma abin ya cinye mini yini guda a wani aiki a nan, har na fara zargin kebul.

Aminu Gwale: Allahu akbar. Lamba ɗaya ce har harafin ƙarshe. Na gyara, yanzu biyu nake gani, kowace da geneve a ƙarƙashinta. Allah ya saka da alheri ɗan'uwa.

Kabiru ɗalibi: Gafara dai malamai, ni ƙaramin cikinku ne. Ni ma ina gwada irin wannan a gida, amma VM ɗin da na tayar a cikin OpenStack kafin ta buɗe sai na yi sallah na dawo. Ko RAM ne?

Injiniya Bashir: Kabiru, kana tayar da VM a cikin VM ne, dole ta wajen ta ga ikon da ke cikin furosesa. A Proxmox ka mayar da nau'in CPU ɗinta host, ka duba /sys/module/kvm_intel/parameters/nested a kan uwar na'urar ya nuna Y ko 1, sannan virt_type a nova, sashen OpenStack mai tayar da VM, ya zama kvm. In qemu ne a wurin, kwaikwayon furosesa ake yi da manhaja, shi ya sa take rarrafe.

Aminu Gwale: Ku yi haƙuri da ni, na sake dawowa. Na tayar da VM biyu, ɗaya a kowace na'ura. Suna samun adireshi, ping yana tafiya tsakaninsu ba asara ko ɗaya. SSH ma yana shiga. Amma da na ce a kwafi fayil daga wannan zuwa waccan sai ya tsaya cak. Ko a cikin SSH ɗin, in na buga umarni mai doguwar amsa sai allo ya daskare. Na buɗe duk ƙa'idojin tsaro, babu canji.

Hauwa Jos: Malam, ƙarami yana wucewa babba yana maƙalewa, wannan MTU ne, wato iyakar girman fakiti, har sai an tabbatar ba shi ba ne. Shiga ɗaya daga cikin VM ɗin ka buga ip link, nawa ka gani? Sannan ka buga ping -M do -s 1414 zuwa ɗayar.

Aminu Gwale: 1442 na gani. Ping ɗin kuma bai wuce ba. Na yi ta ragewa, sai a 1364 ya fara amsawa.

Hauwa Jos: Madalla, lambobin sun faɗi komai. Bari mu yi lissafin tare. Waya ta yau da kullum tana ɗaukar bayit 1500. OVN tana naɗe kowane fakitin ɗalibi a cikin Geneve kafin ta tura shi ta UDP 6081, naɗin nan yana cin bayit 58. A cire daga 1500, saura 1442, shi ne abin da Neutron ya faɗa wa VM ɗinka, kuma daidai ya yi bisa abin da ya sani. Ping yana ƙara 28 a kan lambar da ka ba shi, don haka 1414 ya kamata ya wuce. Kai kuma 1364 ne ya wuce maka, a ƙara 28 ya zama 1392. Tsakanin 1442 da 1392 akwai 50 cif. Naɗin VXLAN ne ke cin 50. To Malam, ina VXLAN ya shigo gidanka?

Aminu Gwale: Innalillahi. Hajiya kin kama ni. Siwic ɗin da ke ɗakin ba ya yin VLAN, wato ba ya iya raba rariya kashi-kashi, irin na kasuwa ne wanda ake jona wa wuta kawai. Da na so raba VM ɗin gwaji daga rariyar makaranta, sai na yi amfani da SDN ɗin Proxmox na haɗa sabobin uku da VXLAN. Na manta da shi gaba ɗaya, don tun makon farko na yi.

Hauwa Jos: To rami ne a cikin rami. Ƙasan OpenStack ɗinka 1450 ne, shi kuma yana zaton 1500 ne. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka gaya wa Neutron gaskiya: global_physnet_mtu ya zama 1450, ka sake tayar da shi. Amma ka kula, hanyoyin da ka riga ka ƙirƙira ba za su gyara kansu ba, sai ka bi su da openstack network set --mtu 1392, sannan ka kashe VM ɗin ka kunna su karɓi sabuwar lamba. Ta biyun ita ce ranar da aka saya muku siwic na kirki, ka ɗaga ƙasan zuwa 9000, kowa ya samu 1500 ɗinsa cikakke. Kuma ka rubuta wannan a bango: duk ɗalibin da ya zuba Docker a cikin VM zai dawo maka da kukan nan, domin Docker 1500 yake ɗauka in ba a hana shi ba.

Moussa Maradi: Wanda zai yi gwajin a gajimaren Google ma ya sani, can 1460 ake farawa da shi in ba ka sauya ba. A cire 58.

Aminu Gwale: Ya yi! Fayil mai 2GB ya wuce ba tsayawa. Hajiya Hauwa Allah ya raya zuri'a. Yanzu saura abu ɗaya. Tunda gajimaren ya tashi, ina tunanin in mayar da rumbunan OVN cikin wata VM a cikin OpenStack ɗin kansa, don in riƙa ɗaukar hotonta ina mayarwa idan yara suka ɓata. In kuma ƙara ta biyu saboda tsaro.

Injiniya Bashir: Malam Aminu don girman Allah kada ka yi. Duka biyun kada ka yi.

Na farko na gan shi da idona a wani kamfani da na yi wa aiki, ba zan kama suna ba. Wanda ya gina musu ya ajiye kwantirolar a matsayin VM a kan hanyar da ita kwantirolar take shimfiɗawa. Wata takwas lafiya lau, saboda ba a taɓa kashe komai lokaci ɗaya ba. Ran nan aka ɗauke wuta da magariba, janareta ya ƙi tashi, batura suka ƙare, ɗakin ya yi tsit. Da wuta ta dawo sabobi suka tashi, kowane siwic ya tashi fanko yana jiran a ba shi ƙa'idoji. Mai ba da ƙa'idojin kuma tana cikin VM da ba wanda zai iya kaiwa gare ta sai an shimfiɗa hanya. Mabuɗin ɗaki a cikin ɗaki, ƙofa a kulle. Ina durƙushe a bayan rak da fitilar waya a baki, na jona allo da kibod kai tsaye, ina rubuta ƙa'idojin OpenFlow da hannu ɗaya bayan ɗaya don in buɗe 'yar hanyar da za ta kai ga VM ɗin. Sai da aka yi kiran assalatu muka ga fakitin farko ya wuce. Ka tuna br-int na OVN a yanayin secure yake, idan babu ƙa'ida ba ya wuce da komai, ba ya komawa siwic na gargajiya.

Inda take yanzu, VM a kan Proxmox, a wajen OpenStack, nan ne daidai. Hoton da kake so ma Proxmox zai ɗaukar maka.

Aminu Gwale: Na ji wannan, jikina ma ya yi sanyi. To ta biyun fa? Na ɗauka biyu ta fi ɗaya.

Injiniya Bashir: A nan ba ta fi ba. Rumbunan OVN idan aka haɗa su rukuni da Raft suke aiki, wato ba a rubuta komai sai da rinjayen ƙuri'a. Rinjayen biyu shi ne biyu. Ɗaya ta faɗi, wadda ta rage ba ta da ikon rubutu, ka ga ka ninka hanyar lalacewa ba ka samu komai ba. Uku suna jure faɗuwar ɗaya, biyar suna jure biyu. In za ka yi, ka yi uku, kowace a kan saba daban, ka buɗe musu 6643 da 6644 su riƙa magana da juna. Uku a kan saba ɗaya sunan uku ne kawai.

Moussa Maradi: Injiniya ka ƙara da wuta. Sabobi uku a kan inbata ɗaya, ranar da kuran ya yanke su ma ɗaya ne. Mu nan lokacin zafi abin da ya fi kashe mana kaya ke nan, ba manhaja ba.

Zainab M.: Ni kuma a nan zan sake saɓa wa Injiniya kaɗan. Ɗakin koyarwa ne, ba banki ba. In Malam ya yi uku tun yanzu, ya ɓoye wa yara darasin da ya fi kowanne. Ka bar ta ɗaya, ka kashe ta a gabansu da gangan. Su ga me ke mutuwa, me ke ci gaba da rai. Bayan sun gani, sai ka sa su da kansu su gina ukun a matsayin aikin ƙarshen zango.

Injiniya Bashir: Wannan kam na sallama miki. Sharaɗina ɗaya, kada 6641 da 6642 su kasance a buɗe ta inda ɗalibai suke. In ptcp ka sa, wato haɗi mara kariya, ba pssl mai TLS ba, duk wanda ya kai ga ƙofar zai iya rubutu a rumbun ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba, ya goge rautar ajin gaba ɗaya. Ko ka sa TLS, ko aƙalla ka killace su a adireshin gudanarwa kawai.

Dr. Sani: Kuma agogon na'urorin ya zama ɗaya, ka zuba chrony mai daidaita agogo. Ranar da za ka bi log na na'ura uku kana neman wanda ya fara faɗuwa za ka gode.

Aminu Gwale: Assalamu alaikum. Na zo da rahoto kamar yadda ya kamata. Jiya na yi abin da Malama Zainab ta ce, da ɗalibai 31 a ɗakin. Na sa ping yana gudu tsakanin VM biyu a kan majigi, sannan na tsayar da ovn-northd. Na tambaye su me zai faru, kusan duka suka ce zai yanke. Bai yanke ba. Na tsayar da rumbun kudu ma, ping yana ta tafiya. Ɗakin ya yi shiru, sai wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, ai an riga an rubuta musu a ƙasa." Shekara biyu ina neman wanda zai faɗi wannan jumlar.

Daga nan na mayar da rumbun kudu na bar northd a kashe, na ce wani ya tayar da sabuwar VM. Ta tsaya tana jiran a jona mata ƙofa, muka zuba mata ido minti biyar cif, sannan ta faɗa ERROR. Na kunna northd, aka sake gwadawa, ta tashi nan take. Bayan an tashi yara shida suka ƙi tafiya, muka zauna da ovn-trace, umarnin bin sawun fakiti, muna bin fakiti ɗaya tebur bayan tebur har la'asar.

Ƙofofin biyu, 6641 da 6642, na killace su. Gina rumbuna ukun kuma na ba su a matsayin aikin zango. Damuwata ita ce saba ta uku ba ta kan inbata, a soket ɗin bango take kai tsaye, kuma kuɗin batir sai sabuwar shekara.

Injiniya Bashir: Ba komai, ku gina a haka. Biyun da ke kan inbata su ne rinjaye, in wuta ta ɗauke ta ukun za su ci gaba da rubutu, in ta dawo za ta kamo abin da ya wuce ta da kanta. Abin da za ka kiyaye shi ne siwic ɗin da ke haɗa su, shi ma ya koma kan inbatar, in ba haka ba biyun suna raye amma ba sa jin juna. Ka sa yara su buga cluster/status kafin a ɗauke wuta da bayan an ɗauke, su rubuta wace ce jagora a kowane lokaci da lambar zangon zaɓen. Ka turo mana abin da suka samu.

Aminu Gwale: In sha Allahu. Siwic ɗin ma yanzu na tashi in duba inda aka jona shi.